Kotu Ta Ba Mu Jinkiri, Shin Allah Ya Ba Mu?

 A wannan fitowar ina so mu leƙa wani wuri da yawancinmu ba mu son ko gittawa ta ƙofarsa, wato kotu. Kada wata ta ce ai wannan maganar maza ce. Gaskiya ne maigida ne yake sa babbar riga ya tafi gaban alƙali, amma gidan da ake shari'a a kansa ke ce kike wuni a ciki, ke kike share shi, a ciki kike girki, a ciki kike sallolinki biyar. Ranar da ma'aikatan kotu za su zo da 'yan sanda a fitar da kaya kuwa, gadonki da kwanukanki ne za a zube a bakin titi, maƙwabta suna leƙe.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da aka yi mini. Wata Asabar bayan mun tashi daga karatu a Islamiyyarmu ta matan aure, wata baiwar Allah ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malama, ina da magana amma ina jin nauyi." Na ce ta faɗa. Sai ta ce gidan da suke ciki na wan mijinta ne, marigayi. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai mijinta ya ce ai Yaya kyauta ya ba shi gidan tun yana raye. Matar marigayin ta kai ƙara a madadin 'ya'yanta huɗu, alƙali ya saurari kowa, ya yanke cewa aro ne ba kyauta ba, gida na magada ne, a fita a ba su. Mijin ya ɗauki lauya, aka ɗaukaka ƙara, aka kuma shigar da takardar roƙon a dakatar da zartar da hukuncin har sai kotun sama ta yi nata, kotu ta amince. Yau shekara uku ke nan suna zaune, ita kuwa uwar marayun tana haya a ɗaki biyu.

Na ce mata to ai shari'a ba ta ƙare ba, wataƙila mijinki ne da gaskiya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ina wurin ranar da Yaya ya miƙa masa makulli. Cewa ya yi ku zauna kafin ka gina naka. Da kunnena na ji." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Lauya ya ce kotu ta ba mu izinin zama. Ni dai tambayata, zaman nan halal ne?"

Wallahi na daɗe ban ji tambayar da ta tsaya mini a rai kamar wannan ba. Kafin in faɗi abin da na fahimta, bari mu fara sanin mece ce wannan takarda, domin da yawa daga cikinmu sunanta kawai muke ji a bakin mazajenmu.

A dokar Nijeriya, ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da hukunci. Idan kotu ta ce fili ko gida na wane ne, a ba shi, to wanda ya yi nasara yana da damar neman a zartar masa ko da ɗayan ya tafi afil. Wanda aka kayar, idan yana so a jira, sai ya shigar da roƙo na daban, ya fara da kotun da ta yanke hukuncin, idan ta ƙi ya tafi ta sama. Kuma ba haƙƙinsa ba ne dole a ba shi, alƙali ne zai duba ya ga ko akwai dalili na musamman. Tun a 1972, a wata shari'a da lauyoyi ke kira Vaswani da Savalakh, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa cewa ba a hana mai nasara cin moriyar hukuncinsa haka kawai, sai idan zartarwar za ta lalata abin da ake rigima a kansa, ko ta sa nasarar da mai afil zai iya samu nan gaba ta zama ta banza, ta yadda ba za a iya mayar da abu yadda yake ba. Sau da yawa kuma kotu takan gindaya sharaɗi, misali idan gidan haya ne a riƙa zuba kuɗin a hannun magatakardan kotu har a ga ƙarshe.

Duk mai adalci zai ga hikimar wannan. Alƙali ɗan Adam ne, yana kuskure, ana kuma yaudararsa. A garuruwanmu wa bai taɓa jin fuloti ɗaya mai takarda uku ba? Wa bai san shaidun da ake haya a bakin kotu ba? Ɗauki misalin bazawara mai marayu da wani mai hali ya zo da takardar jabu ya kayar da ita. Idan aka ba shi gidan yau, gobe zai kawo katafila ya rushe, jibi ya sa tubalin shaguna, ko ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani. Ko da kotun sama ta ba ta gaskiya bayan shekara huɗu, me za a mayar mata? Ga irin wannan baiwar Allah, takardar dakatarwa rahama ce, kuma duk wanda ya taimaka mata ta samu ya yi aikin lada. Haka manomin da aka kayar a tsakiyar damina, geronsa ya fara fitar da kai.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. A wasiƙar da Sayyidina Umar (RA) ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari kan aikin alƙalanci, ya umarce shi da ya yanka wa'adi ga wanda ya ce hujjarsa tana nesa, ya kuma gaya masa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, malamin Garnaɗa a Andalus, wanda alƙalanmu na mazhabar Malikiyya suka daɗe suna aiki da shi, yana da fasali a kan wa'adodin da alƙali ke bayarwa, da fasali a kan tsare abin da ake jayayya a kansa kada wani ya taɓa shi. Akwai kuma abin da ake kira i'izari, wato kafin alƙali ya yanke sai ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Kotunan sama a ƙasar nan sun sha rushe hukunci don kawai an tsallake wannan tambaya. Amma ki lura, 'yar uwa, a cikin wannan wasiƙar dai Sayyidina Umar ya nuna cewa faɗin gaskiyar da ba za a zartar da ita ba ba ta da wani amfani. Kuma wa'adin malamanmu ƙidayayye ne, idan ya cika mutum bai kawo komai ba sai a rufe masa ƙofa. Babu wa'adin da ake yankawa don mai gaskiya ya gaji ko ya mutu.

To a nan gizo ke saƙar. A yau mutane da yawa ba sa neman dakatarwa don suna zaton an zalunce su. Suna nema ne don sun san shari'a a ƙasar nan tafiyar hawainiya take yi. Shari'ar gado ko kyauta da ta fara a kotun shari'a ta unguwa tana iya hawa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja. Kowane mataki shekaru ne. A ɗage yau don lauya bai zo ba, gobe alƙali ya tafi taro, jibi an yi masa canjin wurin aiki a faro daga farko. Wani lokaci ma sai an yi nisa a gano an bi hanyar da ba ita ba, domin sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure, riƙon yara, wakafi, kyauta, wasiyya da gado, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2000, a shari'ar Magaji da Matari, cewa rigimar mallakar fili zalla ba ta cikinsu. Sai a rushe komai a ce a koma baya. Wanda yake cikin gida duk wannan bai dame shi ba, shi kowace ɗagewa riba ce. Wanda yake waje shi ke biyan haya, shi ke biyan kuɗin mota zuwa kotu, shi ke tsufa.

Idan kina son ki ga iyakar inda jinkiri ke kai mutane, dubi abin da ya faru a Legas, a unguwar Magodo. Mutanen Shangisha sun kai gwamnatin jiha ƙara kan filayensu da aka karɓe, Babbar Kotu ta ba su gaskiya a 1993 ta ce a ba su fuloti 549, aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli ta tabbatar musu a 2012. Duk da haka ba a ba su ba. A ƙarshen 2021 zuwa farkon 2022 sai ga 'yan sanda sun dira unguwar don zartar da hukuncin, har gwamna Sanwo-Olu da kansa ya je wurin ana ka-ce-na-ce da jami'in da ke jagorantarsu. A tsawon waɗannan shekaru wasu daga cikin masu ƙarar sun riga mu gidan gaskiya, wasu mutanen kuma da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sun sayi filaye sun gina gidaje sun haifi 'ya'ya a wurin. Jinkirin ya cuci masu haƙƙi na farko, ya kuma haifar da sababbin waɗanda za a cuta.

Yanzu mu dawo ga tambayar ɗalibata. Amsarta tana cikin wani hadisi da mace ce ma ta ruwaito shi, Uwar Muminai Ummu Salama (RA), kuma yana cikin Bukhari da Muslim. Ma'anarsa, Manzon Allah (SAW) ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wani yakan fi wani iya tsara hujja, saboda haka duk wanda aka yanka masa wani abu daga haƙƙin ɗan uwansa to kada ya karɓa, yankin wuta aka yanka masa. Ki tsaya ki yi tunani a kan wannan. Idan hukuncin fiyayyen halitta bai mayar da haram halal ga wanda ya san gaskiya a zuciyarsa ba, ina ga takardar da lauya ya samo? Ballantana ma ita wannan takarda ba ta ce gida naku ne ba. Abin da kawai ta ce shi ne ma'aikatan kotu su dakata tukuna. Ta ɗaure hannun ma'aikatan kotu ne, mala'ikun da ke rubutu kuwa suna nan suna aikinsu. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta haɗa abubuwan nan biyu wuri guda, cin dukiyar mutane da ƙarya da kuma kai maganar gaban mahukunta don a ci wani ɓangare nata, ta kuma rufe da ambaton cewa masu yin haka suna sane. Sanin nan shi ne ma'auni. Mutum biyu za su iya shigar da takarda iri ɗaya a rana ɗaya gaban alƙali ɗaya, ɗaya yana neman haƙƙinsa, ɗaya yana tara wa kansa garwashi, kuma alƙali ba zai iya bambance su ba.

Akwai wani abu da na lura mutane ba sa kawo shi a lissafi. Za ki ji mutum yana cewa, "Ai ba cinye gidan zan yi ba, in kotun ƙarshe ta ce in fita zan fita." Kamar dai kwanakin da ke tsakani kyauta ne. Alhali kwanakin nan su ma dukiya ne. A ƙaddara gidan nan za a iya ba da shi haya naira 300,000 a shekara. Shekara uku naira 900,000 ke nan da ba ta shiga hannun marayu ba, ban da abin da uwarsu ke fitarwa tana biya a inda suke. Kuɗin makarantar wani ne a ciki, kayan ɗakin wata ne a ciki. Yarinyar da take da shekara 14 ranar da aka fara shari'a, kafin a kai Abuja an yi mata aure da abin da ya sawwaƙa, kuma babu kotun da za ta dawo mata da wannan. Malamanmu ba su manta da wannan ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure ko a Islamiyya, an bambanta tsakanin wanda ya riƙe abu bisa rashin sani da wanda ya ƙwace: shi mai ƙwace, bayan ya mayar da abin, sai ya biya amfanin da ya ci. Manzon Allah (SAW) kuma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan abin da ake binsa da sunan zalunci. Bai jira sai mutum ya ce ba zai biya ba, jan ƙafar kanta ita ya ba wannan suna. Idan kuma dukiyar marayu ce, ai mun san abin da aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin ta suna zubawa a cikinsu, wal iyazu billah.

Maganar ƙasa kuwa ta fi kowace nauyi. Wata mata mai suna Arwa bint Uwais ta kai sahabi Sa'idu bin Zaid (RA), ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ƙara gaban Marwan bin Hakam, ta ce ya ci mata fili. Sa'idu ya ce yaya zai yi haka bayan ya ji Manzon Allah (SAW) yana gargaɗin cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Ya yi addu'a cewa idan ƙarya take yi Allah Ya makantar da ita Ya kashe ta a cikin filin, kuma haka aka yi, ta makance, ta faɗa rami a filin ta mutu. Na kawo wannan ne don kada mu ɗauka mazan kaɗai ke wannan ɓarna. Mu ma muna yi. Sau nawa uwargida ke zuga 'ya'yanta su ɗaukaka ƙara don kawai kada amarya ta karɓi nata kason na tumunin takaba da wuri? Sau nawa miji ke son ya haƙura, matar ta ce, "Haba Alhaji, mu fita mu koma ina, kishiyoyin gari su yi mana dariya?"

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini. Za su ce doka ce ta ba da dama, kuma kowa haka yake yi, in ka bari kai za a yi wa. Ni dai abin da na sani, doka ta buɗe ƙofar ne don wanda yake da ƙorafi na gaskiya, shi ya sa ake sa mutum ya yi rantsuwa a takarda cewa dalilansa gaskiya ne. Wanda ya san ƙarya ce, ya ƙara rantsuwar ƙarya a kan cin haƙƙi. Wasu kuma za su ce, "To idan mutum bai tabbata ba fa?" Wannan tambaya ce mai kyau, kuma mafi yawan rigingimun gado haka suke, iyayen da suka san iyaka sun mutu, takarda babu, kowa da abin da ya ji. Wanda yake cikin shakka ta gaskiya yana da damar ya nemi kotun sama ta duba, ba na ganin laifinsa. Amma akwai alamomin da mutum zai auna kansa da su. Mai neman gaskiya shi ke matsa wa lauyansa a kai takardu da wuri, ransa ɓaci yake idan an ɗage. Idan aka ce a ajiye kuɗin haya a kotu ba ya musu, ba ya sayarwa, ba ya rushewa, ba ya ƙara gini don ya ɗaure wa ɗayan hannu. Wanda kuwa ya dawo daga kotu yana murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, an sake ɗagawa sai bayan wata biyar," to ke matarsa kin san amsar, shi ma ya sani.

Sai kuma uzurin da ya fi kowanne taɓa zuciya, wato "ba mu da wurin zuwa." Ɗalibata 'ya'yanta biyar, mijinta ɗan kasuwa ne da jari ya karye. Ba zan raina wannan ba. Amma mai buƙata roƙo yake yi, ba ya musun haƙƙi. Da mijin nan ya je wurin matar wansa ya ce, "Gida naku ne, na amsa, ku ba ni wata shida in nemi wuri," da ya nemi jinkiri ta ƙofar da Allah Ya buɗe. Shi kuwa sai ya karɓe shi da ƙarfin lauya, ya kuma mayar da marayun ɗan uwansa abokan gaba.

Ita ma mai nasara akwai nata. 'Yar uwa, idan Allah Ya ba ki gaskiya a kotu, kada ki bari 'yan uwanki maza su ɗebo 'yan daba a je a cire rufi ko a watsar da kayan mutane. Doka ta hana, ko da hukunci yana hannunki, ma'aikatan kotu ne kaɗai ke zartarwa. Gwamnati ma ba ta tsira ba: lokacin da gwamnatin soja ta Legas ta tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, daga baya ta zo Kotun Ƙoli tana roƙon a dakatar da umarnin mayar da shi, kotun ta ƙi a 1986, ta ce wanda ya taka umarnin kotu ba zai zo yana neman alfarmarta ba. Sannan ki tuna aya ta 280 a Baƙara da ta yi umarnin a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. A kan bashi ta sauka, amma zuciyar da ta karanta ta ba za ta fitar da mai jego a tsakiyar damina ba. Addinin da ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda, ya kuma umarci mai takaba ta zauna a gidanta wata huɗu da kwana goma, ya san darajar rufin asiri. Wa'adin da kika bayar da hannunki sadaka ce, kuma a rubuta shi a gaban shaidu don kada alheri ya zama sabuwar shari'a.

Wani abu kuma da ya kamata kowace mace ta sani shi ne hauzi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana gari yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to ƙararsa ba za a saurare ta ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, yakan kai shekara 40. Kunya da kawaici sun sa mata da yawa sun yi shiru a kan gonar ubansu har magana ta rikice. Idan an ba wani aron gida ko gona, a rubuta. Da marigayin nan ya rubuta layi biyu ranar da ya miƙa makulli, da duk wannan bai taso ba.

To me na ce wa ɗalibata? Ban ce ta tattara kayanta ta bar gidan miji ba. Samar da muhalli wajibin miji ne, kuma mafi girman nauyin yana wuyansa. Na gaya mata cewa mafi yawan malamai suna ganin salla a wurin da aka ƙwace ta inganta amma akwai zunubin zaman, Imamu Ahmad kuwa a sanannen ra'ayinsa yana ganin ba ta inganta ba, don ta san abin ba wasa ba ne. Na ce abin da ke kanta shi ne kada ta yarda da abin a zuciyarta, kada ta ƙarfafa shi da baki, kuma ta yi wa mijinta magana. Ta nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ban da gaban yara, ban da ranar da ya dawo daga kotu. Ta nuna masa cewa ita ta yarda su koma ɗaki biyu, domin da yawa maza suna riƙe irin wannan ne don tsoron kada matansu su raina su. Idan ya ƙi, ta nemi wanda yake jin nauyinsa, mahaifiyarsa ko kawunsa ko limamin unguwa. Sulhu ba ya rufuwa don magana tana kotu, ana iya sasantawa a kai wa alƙali ya tabbatar. A wata ruwayar hadisin Ummu Salama da ke cikin Abu Dawud, mutum biyun da suka zo rigimar tsohon gado, da suka ji gargaɗin sai suka fashe da kuka kowa yana cewa ya bar wa ɗan uwansa, Manzon Allah (SAW) ya ce su je su raba bisa gaskiya, su yi ƙuri'a, su yafi juna.

Na kuma gaya mata abin da ya fi wuya, domin ban ga dalilin ɓoye mata ba. Abin da ta ji da kunnenta shaida ce, kuma aya ta 283 a Baƙara ta yi kashedi kan ɓoye shaida, ta 135 a Nisa'i kuma ta ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko makusanta. Ban ce ta ruga kotu ba. Na ce idan rana ta zo aka tambaye ta, ba ta da damar ta ce ba ta sani ba, kuma gara mijinta ya ji wannan daga bakinta tun yanzu a cikin ɗaki. Ta yi kuka sosai. Ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, domin faɗa daga kan tabarmar malama abu ne mai sauƙi, ita ce za ta koma ta kwana a gidan.

Bayan kamar wata biyu ta dawo mini. Ta ce ta yi maganar, ya yi fushi, kwana huɗu ba ya cin abincinta. Daga nan ta je ta sami surukarta, wadda ita ce ta haifi mijin ta kuma haifi marigayin, ta faɗa mata komai. Tsohuwar ta kira ɗanta ta ce masa, "Waɗancan ma jikokina ne." Yanzu sun zauna sau biyu a zauren mai unguwa tare da liman da ƙanin uwar marayun. Ana maganar su fita bayan babbar salla, shi kuma yana roƙon a yafe masa kuɗin shekara ukun, ɗaya ɓangaren sun ce uwa ba ta da ikon yafe dukiyar marayu, sai dai a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. Ba a gama ba. Takardar afil tana nan a kotu bai janye ba tukuna, ya ce sai ya ga abin da aka rubuta. Ita kuwa ta fara haɗa kwanukanta a kwali, ta ce kuɗin adashinta na wannan zagayen na kafin alƙalamin haya ne.